Adu Boahen da ɗan littafin da gara ta kusa cinyewa

Tsohon Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya uwargida ta matsa lallai sai an fito da akwatunan da ke ƙuryar ɗaki kafin ruwa ya sauka. A ƙasan wata adaka na ci karo da littafin da muka yi jarrabawar WAEC da shi, Topics in West African History na Adu Boahen. Gara ta ci gefe guda, amma bangon da na yi masa da takardar buhun siminti yana nan daram. Na zauna bisa tabarma ina buɗawa har aka kira la'asar ban ankara ba. A babin fataucin Sahara na ga inda na ja layi da jan biro, na rubuta a gefe "zai fito". Kuma ya fito.

Jikana ɗan aji biyu na babbar sakandare ya leƙo ya ce wane ne wannan? Na ce farfesan tarihi ne a Gana. Sai yaron ya ce, "Farfesa guda ya zauna yana rubuta wa 'yan sakandare littafi?" Tambayar nan ta tsaya mini a rai har na kwanta.

Ga waɗanda ba su san shi ba: an haife shi a 1932 a garin Osiem, ya yi sakandaren Mfantsipim, ya gama digirin farko a jami'ar Gana da ke Legon a 1956, ya tafi Landan ya yi digiri na uku a SOAS, makarantar nazarin Afirka da ƙasashen Gabas, ya gama a 1959. Shekarar ya dawo Legon ya ɗauki alli, ya shugabanci sashen tarihi daga 1967 zuwa 1975, ya zama farfesa a 1971. Wannan ɗan littafin a 1966 ya fito. Ni dai a ganina duk manyan littattafansa babu wanda ya yi aikin da wannan ya yi. Ko son zuciya ne na wanda ya ci jarrabawa da shi, ku faɗa mini.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam Malam. Kai har ka samu naka na kanka. Mu guda ɗaya ne a ɗakin kwananmu, mu shida. Wanda layi ya zo kansa bayan an kashe fitila sai ya shiga bargo da tocila. Har yau in aka ce Mansa Musa, warin batir nake ji.

Malama Ƙarama:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Jikanka ya yi tambayar da ya kamata a yi wa mu da muke koyarwa a jami'a yanzu. Amsar kuwa ba daɗi. A inda nake, in za a duba takardunka don ƙarin girma, maƙalun da ka buga a mujallun ilimi ake ƙirgawa. Ka shekara biyu kana rubuta wa 'yan sakandare littafi mai kyau, kwamitin zai kalle shi kamar ka kawo musu katin ɗaurin aure. Na taɓa faɗa wa wani babba a sashenmu ina son in rubuta tarihin ƙasar Hausa da Hausa mai sauƙi don yara, ya ce, "Ki bari sai kin zama farfesa, yanzu kada ki ɓata lokacinki." Wanda kuma ya zama farfesan, kujerar shugaban tsangaya yake hange.

Amma Baba zan ɗan ja da kai. Ba don babban littafin ba, da ƙaramin bai yi nauyi ba. Binciken digirinsa na uku shi ne ya fito a 1964 da sunan Britain, the Sahara and the Western Sudan, 1788–1861. Mutumin ya zauna kan wasiƙun jakadun Ingila na Tarabulus da Murzuk da Gadamas, ya bi sawun Turawa matafiya irin su Clapperton da Barth. Shi ya sa babin da ka ja wa layi ya yi daɗi, mai shi ya san hanyar rango rango.

Ɗan Auta:
Tsaya Anti, wato Ba'asante ne ya yi digiri a kan hanyar Kano zuwa Tarabulus? Mu muna ina?

Malama Ƙarama:
Muna nan muna musun wa ya fi wani asali. Clapperton ya shigo Kano a farkon 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa ya mutu a can a 1827. Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 ya ƙididdige kasuwancin garin, tun daga turkuɗi har fata da goro. Duk wannan zamanin yana cikin shekarun da Boahen ya bincika.

Mai Shagon Littattafai:
Ni ba malami ba ne, sayarwa nake, shekara talatin da wani abu. Wancan na 1964 ban taɓa riƙe shi a hannuna ba, balle wani ya zo nema. Topics kuwa na sayar da shi kwali kwali, da tsohon bugu da wanda aka sabunta a 1986 da sa hannun Ajayi da Tidy. Akwai kuma wanda ya yi da Webster a kan Afirka ta Yamma daga 1800, shi ma ya yi kasuwa. To daga 2009 da aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai kantar nan ta mutu murus. Na kwashe su na zuba littattafan tambayoyin baya na JAMB. An ce an dawo da darasin, an yi biki a Abuja a 2022, amma har yau uba bai shigo shagona ya ce a ba shi littafin tarihi na ɗansa ba. Lissafi da Turanci kawai.

Ɗan Zangon Kumasi:
Salamu alaikum. Na ga ana ta yabo, bari in kawo nawa tsakin. Ku a Najeriya marubuci kuka sani. Mu a Gana mun san shi da wata riga, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar adawa ta NPP a zaɓen 3 ga Nuwamba 1992. Ya samu kashi 30 da ɗan wani abu, Rawlings, shugaban soja da ke kan mulki, ya samu 58. A jihohi goma na lokacin, Asante kaɗai ya ci. A gidanmu ko kaza ba ta zaɓe shi ba, kuma a tsakiyar Kumasi muke.

Dalili? 1969. Gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Ƙanin babana a Kumasi aka haife shi, bai taɓa ganin Sakkwato ba sai a baki, haka ya sayar da keken ɗinkinsa a wulaƙance ya hau bayan babbar mota. Kakata har ta rasu in ta ji an ambaci jam'iyyar Busia sai ta tofar da yawu. NPP kuwa kowa ya san jikar gidan siyasar Busia da Danquah ce, tsohon abokin hamayyar Nkrumah. Ka zo ka ce wa tsohuwar nan ai farfesa ne mai littafi?

Baban Ummi:
Allah ya jiƙan Kaka. Amma ɗan'uwa, ba shi ya sa hannu a dokar ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Na sani Yaya. Har mataimakinsa a takarar ɗan arewacin Gana ne, Roland Alhassan. Amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Abin da nake cewa, mutumin da ya rubuta tarihin Afirka ta Yamma kaf, ya san yadda fataken goro suka kafa zanguna daga Salaga har Kumasi, amma ranar ƙuri'a ilimin nan bai saya masa zango ɗaya ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba zan danne masa ba. A Fabrairun 1988, lokacin da ko a cikin tasi mutum sai ya waiga kafin ya ambaci PNDC, gwamnatin sojan Rawlings, shi ya tsaya a Akara ya yi laccoci na tunawa da Danquah. Rawlings na ƙorafin mutane sun yi gum, shi kuma ya ce ba yarda ce ta sa aka yi shiru ba, tsoro ne, tsoron a kulle mutum ko a ɓatar da shi. Babana da bai ƙaunar gidansu sai da ya ce, "Wannan malamin namiji ne." Laccocin ne aka buga da sunan The Ghanaian Sphinx. Kafin nan ma a 1978 ya ja da shugaban soja Janar Acheampong kan shirinsa na gwamnatin haɗaka marar jam'iyyu, har aka tsare shi.

Alhaji Na Bakin Kasuwa:
To ni a nan nake da magana. Malami ya tsaya a aji. Da ya shiga siyasa me ya samu? Ya faɗi zaɓe, jam'iyyarsa ta ce an yi maguɗi ta ƙaurace wa zaɓen majalisa, Rawlings ya samu majalisa ba hamayya. A 1996 kuma 'yan jam'iyyar tasa suka ajiye shi suka ɗauki Kufuor. Shekarun nan da ya zauna ya rubuta littafi uku, da yanzu jikan Malam yana karantawa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Tsohon Malamin Tarihi:
Alhaji, a 1990 ya yi ritaya daga Legon, shekara talatin da ɗaya yana koyarwa. Bai gudu ya bar aji ba. Kuma bai ajiye alƙalami ba, ya rubuta tarihin makarantarsu Mfantsipim a 1996, ya rubuta na Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci Asante a yaƙinsu da Ingila na 1900, ya fito a 2003.

Sannan ka dubi abin da kyau. Mutum ya shekara talatin yana koya wa yara yadda Samori ya ƙi miƙa wuya, yadda Sarkin Asante Prempeh ya ƙi karɓar tutar Ingila har aka kai shi tsibirin Seshel, sai soja ya hau kan ƙasarsa ya ce kowa ya rufe baki, shi kuma ya ce ai ni malami ne? Da wane ido zai kalli ɗalibansa?

Alhaji Na Bakin Kasuwa:
Faɗar gaskiya daban, neman kujera daban, Malam. Laccar 1988 na sara masa. Fosta da yawon kamfe ne ban gane ba.

Malama Ƙarama:
Alhaji, a nan gida ma an yi wannan musun a kan Dokta Bala Usman. Ya bar Zariya ya zama sakataren gwamnatin Kaduna zamanin Balarabe Musa, ya dawo aji daga baya. Har ya rasu a Satumban 2005 Dokta ake ce masa, alhali ya yaye farfesoshi. Wata takwas bayan nan Boahen ya bi shi, 24 ga Mayu 2006, ranar da ya cika 74 cif. Amma akidarsu ta yi hannun riga. Bala ɗan gidan PRP ne, Boahen kuwa bai ɓoye adawarsa da salon mulkin Nkrumah ba.

Ba'damagare:
Barkanku da hira. Mu nan Nijar a lakwal ba mu san Topics ba, namu da Faransanci ne, in an ce babban littafi to na Ki-Zerbo ne, masanin tarihi ɗan Burkina Faso, na 1972. Ni sai a jami'ar Yamai na haɗu da sunan Boahen, a mujalladi na 7 na Tarihin Afirka na UNESCO wanda ya tace, na 1880 zuwa 1935. Mujalladi takwas ne asali, Ki-Zerbo ya yi na 1, Ajayi na 6, Mazrui na 8. A na 4 akwai babin Mahdi Adamu a kan Hausawa.

Abu guda a ciki ya canza mini tunani. Boahen ya ƙi yarda a kira sarakunan da suka yi sulhu da Turawa da kalmar nan "collaborator" da ke nufin 'yan kanzagi ko maciya amana. Ya ce a kira abin ƙawance, don sarakuna ne masu cin gashin kansu da suka zaɓi dabarar da suke ganin za ta tsirar da ƙasarsu. Ku da Ingilishi ba za ku ji ɗacin kalmar ba kamar mu. A Faransanci ita ake jifan waɗanda suka yi wa Hitila aiki da ita. Ka ɗauko ta ka liƙa wa sarkin da ya ga abin da bindiga mai ruwa ta yi wa maƙwabcinsa, ka yi adalci?

Ɗan Gwagwarmaya:
A nan fa na rabu da shi, kuma na rabu da kai. Wannan wankin suna ne. Sarkin Musulmi Attahiru ya bar gadon mulki ya yi hijira aka kashe shi a Burmi a 1903. Naku Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya kashe hafsan Faransa Cazemajou a 1898, Faransawa suka zo suka ci Damagaram a 1899. Talakawan Satiru aka yi musu kisan kiyashi a 1906, da taimakon wasu namu. Sai a ce da wanda ya mutu da wanda ya karɓi sanda duk dabara ce? Haka ya yi a babin ƙarshe na mujalladin, ya kafa sikeli, ga amfanin mulkin mallaka ga illarsa. Walter Rodney tun 1972 ya ce babu wani sikeli, ɓarawo ne mai hannu ɗaya, na ɗauka kawai.

Ba'damagare:
Ɗan'uwa ka karanta babin har ƙarshe kuwa? Ya ce illar ta rinjaya nesa ba kusa ba. Ya ce ɗan amfanin da aka gani, irin layin dogo da makarantu, yawancinsa ba don mu aka yi ba, ya faɗo ne a hanyar kwasar gyaɗa da koko da ma'adinai. Kuma shi ne ya buɗe mujalladin da cewa a 1880 kusan kashi 80 na Afirka na hannun sarakunanta, zuwa 1914 saura Habasha da Laberiya. Mai son wanke Turawa ba ya fara magana haka.

Ɗan Gwagwarmaya:
Da zarar ka ce "amfani da illa" ka riga ka ba su rabin gaskiya. Ga shi nan abin da ya haifa, tambayar jarrabawa: kawo amfanin mulkin mallaka guda biyar. Yaro ya haddace, ya girma yana cewa da Turawa sun daɗe da mun ci gaba.

Tsohon Malamin Tarihi:
Ɗana, wannan ta same ni, don na sha ba da tambayar nan a aji, har in ce maki biyu biyu. Amma laifin namu ne mu masu alli da masu tsara jarrabawa. Littafi ya kawo hujja shafi goma, mu mu matse ta ta koma jeri biyar don saukin maki. Ka tuna kuma da wa suke faɗa a lokacin. A 1963 wani babban farfesa a Oxford, Trevor-Roper, ya fito fili ya ce Afirka ba ta da tarihi sai na Turawan da suka shigo ta, saura duhu ne. Yayyenmu da suka riga mu shiga sakandare tarihin sarakunan Ingila suka haddace, da wane Bature ya "gano" kogin Kwara, kogin da kakanninmu ke wanka a ciki. Shekara uku bayan maganar Baturen, yaro a Katsina ko Tamale ya buɗe littafi ya ga Gana da Mali da Songhai da Oyo da Asante, kuma baƙar fata ne ya rubuta. Ba za ka san girman abin ba sai ka zauna a ajin.

Malama Ƙarama:
Duk da haka Baba, littattafan makaranta na zamanin suna da nasu ramin, kuma mu ne muka faɗa. Su suka kafe kiran jihadin 1804 da yaƙin Fulani da Hausawa, kamar babu Bahaushe ko Ba'azbine a rundunar Shehu. Labarin Bayajidda kuma aka riƙa bayar da shi kamar an ga ranar da ya sauka Daura. Abdullahi Smith ya yi rubutu tun 1970 yana nuna kafuwar daulolin Hausa ta fi ƙarfin labarin baƙo ɗaya da macijiya, Bala Usman ya zo ya nuna hakan a tarihin Katsina. Shekara hamsin ke nan, gyaran bai sauko sakandare ba. Ɗalibi zai zo mana aji ɗaya da Hausa bakwai da banza bakwai a ka, mu shekara muna kankarewa.

Baban Ummi:
To ai kin dawo kan maganar Malam. Wanda ya rubuta na yara shi ke da ƙasa. Ku kuna can kuna gyara a mujallar da mutum ashirin ke karantawa.

Malama Ƙarama:
Ban musa ba Yaya. Ashirin ɗin ma har da mai tacewa.

Ɗan Auta:
Mu a zamaninmu ba ma littafin, takardun malami ne ake sayar mana dole. Shafi goma sha biyar, an ɗauko hoton wani littafi har da lambar shafinsa ba a goge ba. In ba ka saya ba sunanka ba ya cikin jerin. Wata rana na bi diddigi na gano daga ina aka kwaso. Ku canka.

Mai Shagon Littattafai:
Ba sai mun canka ba. Malamin naku wataƙila a wurina ya saya.

Malama, in da gaske kike kan na Hausar nan, ki rubuta. Kada ya wuce shafi ɗari da ashirin, a sa taswira, farashi kada ya fi kuɗin katin waya na mako. Islamiyyu za su ɗauka kafin na boko. Na ji an ce UNESCO ta sa an fassara nata zuwa Hausa da Fulatanci da Swahili, amma ni dai bai taɓa zuwa kantata ba.

Ba'damagare:
An fassara, gaskiya ne. In kin rubuta ki sa Damagaram da Agadas da yaƙin Kawusan na 1916 a ciki don Allah, kada tarihin ya tsaya a Jibiya kamar mai jiran biza.

Ɗan Zangon Kumasi:
Da Salaga. Da 1969 ma, ko shafi ɗaya ne.

Alhaji Na Bakin Kasuwa:
Kun ga ni, tun ba a fara ba shafi ɗari da ashirin ya cika. Ni dai sharaɗina kada ta gama ta ce za ta fito takara.

Malama Ƙarama:
Alhaji ko kansila ba na so. Baba, don Allah kada a mayar da littafin nan adaka. Ina son in ga yadda ya tsara babukansa, da abin da ka rubuta a gefe. Ka sa jikan ya ɗauko mini hoton shafukan Songhai.

Tsohon Malamin Tarihi:
'Yata, na duba. Sunni Ali yana nan, Askiya Muhammadu yana nan har hajjinsa. Daga inda sojan Maroko suka ƙetaro Sahara a 1591 ne gara ta fara, yaƙin Tondibi da aka karya Songhai gaba ɗaya babu.

Ɗan Auta:
Wato abin da Judar Pasha, kwamandan Maroko, ya rage, gara ta ƙarasa.

Tsohon Malamin Tarihi:
Kai dai Allah ya shirye ka. Yaron ya tafi da shi ɗakinsu tun ɗazu, in ya fito zan sa ya turo miki. An kira magariba.